Wa ya taɓa sa ƙirƙirarriyar basira a aikin littafinsa? Ku zo mu baje ta a faifai

Mai kula da zaure, daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Tun makon jiya ake ta gunaguni ta bayan fage, wance ta ce na'ura ke yi wa wance rubutu, ita kuma ta rantse sharri ne. Maimakon a yi ta jifan juna da habaici a sitatus, gara kowa ya zo nan ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ban da "an ce".

Ni zan fara, kada a ce na tura mutane rami na tsaya a baki. ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, amma ban waiwayi irin waɗannan abubuwa ba sai 2024, da zoben nan na Meta AI ya bayyana a WhatsApp. Daga nan na gwada manhajoji uku ko huɗu, na zauna da guda, na ba ta aikin magatakarda. Dalili kuwa, littafina na baya ya kai shafi 90, wata bakwai ina sakinsa, mutanen ciki sun haura talatin. A shafi na 12 na ce ƙanin jarumar yana aji uku a firamare. A shafi na 70, shekara biyu kacal ta wuce a labarin, na ɗaura masa aure har da kamu. Wata mai karatu ta turo mini hoton shafukan biyu gefe da gefe, ba ta ce uffan ba. Yanzu duk shafin da na gama sai in ba manhajar taƙaitaccen bayaninsa, ta riƙe mini jadawali: wane ɗan wane, shekarunsa nawa, wa ya mutu, wa ya yi yaji bai dawo ba. A nan kam ta biya ni. Jimla ɗaya ta labari ban taɓa bari ta rubuta ba, shi ya sa nake son jin waɗanda suka bari.

Daga Zariya:

Wa'alaikumussalam Anti. Ni na bari, sau ɗaya, kuma har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Wurin da amarya za ta je gaida surukarta washegarin tarewa ne ya tsaya mini a wuya. Kwana uku ina rubutawa ina gogewa. Sai na zayyana wa manhajar komai: yarinya 'yar shekara goma sha tara, gidan gandu a cikin birni, uwar miji ba ta so auren ba, ɗan nata kuma shi ne na fari. Cikin ƙiftawar ido ta kawo shafi guda cur.

Amarya ta shiga ɗaki, ta zauna a bakin gado kusa da Hajiya, ta riƙo hannunta, ta dubi tsakiyar idonta ta ce, "Mama, na san ba kya sona, amma ina so mu tattauna yadda muke ji." Ita kuma Hajiya ta kama sunan ɗanta na fari raɗau, har sau huɗu, tana ba da labarin irin son da take masa. Kafin ƙarshen shafi sun rungume juna suna kuka.

A wane gari? Amaryar da na sani, ƙanwar miji ce ko wata gwaggo za ta rako ta, mayafi har goshi, ta durƙusa tun daga bakin ƙofa, gaisuwar ma da ƙyar za a ji ta. Hajiya kuwa ba za ta ce ba ta sonta ba har abada. Za ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, ta ci gaba da jan carbi, ta bar yarinya a durƙushe har ƙafarta ta yi tsami, sannan ta ce wa 'yar rakiyar, "A ce wa yaron nan ya leƙo in ya karya." Duk ƙiyayyar tana cikin wannan shirun da kuma "yaron nan". Na yi wa manhajar bayanin alkunya, ta ba ni haƙuri da ladabi, ta sake rubutawa, sai ga Hajiya tana cewa, "Saboda al'adarmu ta alkunya ba zan faɗi sunan ɗana ba." Nan na rufe wayar.

Amma in faɗi gaskiya, ganin abin da ba daidai ba shi ya nuna mini daidai. A daren na rubuta wurin da hannuna, bai ɗauke ni awa ɗaya ba.

Daga Gusau:

Yaya ta Zariya kin kashe ni da dariya. Ni karin magana na roƙa, wadda tsohuwa za ta faɗa wa jikarta mai rawar kai a kan saurayin da bai turo ba. Aka ba ni "kada ki ƙirga kajinki kafin su ƙyanƙyashe", wai karin maganar Hausawa ce ta tun kaka da kakanni. Kakar wa? Tawa dai cewa za ta yi ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Malamin makaranta, daga Katsina:

Hajiyoyi barkanku da hira. Nawa ya ɗan bambanta, don labarin tarihi nake rubutawa, na wani yaro da ya bi ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja sayen goro wajejen 1880, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja.

Inda manhajar ta taimake ni shi ne tambaya. Na ce ta karanta babi na biyu ta yi mini tambayoyin da mai karatu mai tsanani zai yi. Ta ce me jakuna ke ci a hanya, wa ke biyan fito in an zo ƙetare Kwara, yaya ake hana goro bushewa a tafiyar watanni. Biyu daga ciki ban taɓa tunaninsu ba, kuma su suka kai ni gun wani dattijo ɗan goro a kasuwa, wanda ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake shimfiɗa ganye a huhu, ana buɗewa ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa.

Inda ta kusa kunyata ni shi ne amsa. Ta sa madugu yana biyan jagaba da sulalla, alhali wuri ake kashewa a lokacin, Turawa ma sai 1903 suka ci Kano. A wani wurin ta ce a ɗora kayan a jirgin ƙasa, dogon da bai iso Kano ba sai 1911. Wanda ya fi ci mini rai, na nemi littafin da zan karanta a kan hanyar, ta ba ni suna, da marubuci, da shekarar bugu, har da lambar shafi. Na yi mako biyu ina cigiya, na sa wani ɗalibina na da ya duba ɗakin karatun jami'arsu. Babu littafin, babu marubucin. Da na koma na ce mata ƙarya ta yi, ta amsa ba ko gardama, ta miƙo wani sunan. Mutum in ya yi maka ƙarya ko idonsa zai nuna. Wannan da murya ɗaya take faɗin gaskiya da ƙarya.

Daga Sakkwato:

Malam ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A littafina Alhaji ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya, rikicin gado shi ne ƙashin bayan labarin. Na ce ta lissafa mini rabon. Ta ba kowace mata tumuni nata daban. Allah ya sa na karanta wa mahaifina kafin in saki, ya ce ke, tumunin takaba ɗaya ne, su ukun za su raba shi. Da ya fita haka, da malaman zauren masu karatuna sun cinye ni ɗanya.

Na biyu, na ba ta shafi ta gyara mini ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ kawai. Ta gyara, ta kuma yi mini karambani. Tsohuwar da na sa tana cewa "wanga yaro mi shika nuhi da ɗiyata" ta koma "wannan yaron me yake nufi da 'yata". Duk Sakkwatancin da na zauna na saƙa ta wanke shi tas, wai ta gyara kurakurai. Yanzu sai na ja mata kunne cewa kada ta taɓa abin da ke cikin alamar zance, kuma duk da haka sai na bi layi-layi.

Wata ƙanwarku, ba sai na faɗi gari ba:

Anti ni ce dai wadda ake habaicin da ita, kuma ba sharri aka yi mini ba. Littafin kuɗi ne, mutane sun biya, na yi alkawarin shafi kullum ban da Juma'a. Sai yarona ya kwanta asibiti kwana tara. Ga masu karatu suna ta "Anti shiru", wasu har da cewa an ci kuɗinsu. A kan benci a bakin ɗakin yara na ba manhajar shafukan baya na ce ta ci gaba. Shafi uku na saki ban ko karanta da kyau ba.

Na farko ya wuce. A na biyu aka fara tambaya ko lafiya. Kowa a labarin sai ya "ja dogon numfashi" kafin ya yi magana, zuciyar kowa "ta cika da cakuɗaɗɗen yanayi". A na uku ne asiri ya tonu. Uwargidan da na shafe shafi 40 ina gina muguntarta, wadda ko ruwa ta ba ka sai ka duba ƙasan kofin, ta zauna ta gane kuskurenta, ta nemi gafarar amarya, suka yi alkawarin zama lafiya. Manhajar ba ta son faɗa, kowa sai ta shirya shi da kowa. Wata da ke bina tun littafina na farko ta rubuto mini ta gefe: "Wannan ba hannunki ba ne. In matsala ce ki faɗa mana, za mu jira." Wannan saƙon ya fi zagin zafi.

Na goge shafukan, na faɗa musu gaskiya, na ce mai son kuɗinsa ya yi magana. Mutum biyu suka karɓa. Sauran suka yi ta jero addu'a ga yaron, ya kuma samu sauƙi alhamdu lillahi.

Mai gyaran kwamfuta, daga Kaduna:

Allah ya ƙara masa lafiya ƙanwata. Ni gajerun labarai nake taɓawa, amma bari in ɗan faɗi abin da ke cikin cikinta, don duk abin da kuka lissafa tushensa ɗaya. Ba sani take yi ba, hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take yi, bisa tarin rubutun da aka horar da ita da shi. Mafi yawansa Turanci ne, kuma Hausar da ta fi yawa a intanet ta labaran duniya ce da fassara. Shi ya sa surukar Yaya ta Zariya take magana kamar mai karanta sanarwa. Littafin bogi na Malam ma haka ne: ta san kamannin sunan littafi, sai ta ƙera mai kama da shi. Kuma akwai iyakar abin da take riƙewa a zama ɗaya, in hira ta yi tsawo na farko yakan suɓuce mata. Anti, ki riƙa ajiye jadawalin nan a wani wuri daban.

Kafin ku zuba littafin da ba ku saki ba, ku shiga saitin manhajar ku duba ko akwai inda ake kashe amfani da hirarku wajen horarwa. Masu sa littafi a Amazon kuma, tun Satumbar 2023 sai ka bayyana musu in na'ura ce ta samar da rubutun ko hoton bango ko fassarar, amma in gyara kawai ta taya ka ba sai ka faɗa ba. A Japan ma marubuciyar da ta ci kyautar adabi ta Akutagawa a Janairun 2024 ta faɗa da bakinta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na littafin daga ChatGPT ta ɗauko, ba a kuma karɓe kyautar ba. Sai dai labarin nata akwai na'ura mai magana a ciki, ta ba na'ura muryar na'ura ne.

Hajiya, tsohuwar hannu:

'Ya'yana na karanta duka. Ni ban ga abin tashin hankali ba. Mu da muka fara a shekarun 1990, a littafin makaranta mai layi muke rubutu, mu kai wa mai buga takardu. Shi ma gyara mana yake yi ba mu sa shi ba, in kalma ba ta yi masa ba ya canza. Ƙugiya kuwa babu a injinsa, da biro muke bi muna lanƙwasa kan k da d kafin a kai maɗaba'a, sannan a yi ta zaryar kasuwar Sabon Gari ana jiran kuɗin da ba ya zuwa. Yanzu idona ya yi rauni, magana nake yi waya tana rubutawa, jikata ta sa manhajar ta daidaita tsayawa da waƙafi, ta karanta mini in ji. Ba don haka ba da na ajiye alƙalami shekara uku da suka wuce. Wanda zai ce littafin ba nawa ba ne ya zo ya faɗa a gabana.

Ke kuma ta asibiti, ki daina sunkuyar da kai. Amma ki dawo mana da uwargidan nan yadda take, ni ma ina cikin waɗanda suka biya.

Mai kula da zaure, daga Kano:

Hajiya ashe kina ciki kika yi shiru! To ga tambayar da ta rage, kuma ni kaina ban yanke ba: wanda ya yi irin nawa ko na Hajiya, ya wajaba ya rubuta a farkon littafi cewa manhaja ta taya shi, ko sai wanda ta rubuta masa jimla? Masu zanen bango ma ban ji ku ba, alhali na ga bangon wata a makon nan jarumar tana da yatsu shida. Cajina saura kashi huɗu kuma an ɗauke wuta, ku ci gaba, zan karanta da safe.