Yaya kuke karɓar sabon mutum a majalisarku?

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga manya da waɗanda suka taɓa riƙe ƙungiya.

Ni tela ne. Muna da majalisa da muke zama bayan Isha a gefen teburin mai shayin layinmu, benci uku da tabarma. Asalinta ta teloli ce da 'yan gwanjon Kasuwar Bacci da ke nan Kaduna, in an tashi kasuwa a zo a sha iska. Da aka rushe kasuwar a 2020 kowa ya ɗauki kekensa ya kama gabansa. Wani ya koma zauren gidansu, wani ya kama shago a Rigasa, wani ma ya ajiye almakashi ya koma tuƙin Keke Napep. Majalisar ce kaɗai ta rage tana haɗa mu. Daga baya muka buɗe asusu, kowa ₦500 duk daren Juma'a, saboda suna ko jinya ko rasuwa.

Yanzu unguwa ta cika da sababbin fuskoki. Akwai magidantan da suka baro ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa saboda 'yan bindiga suka kama ɗakin haya a nan, akwai ɗaliban Poli, akwai samari masu POS da cajin waya. Suna zuwa shan shayi, su yi sallama, wasu har su tambayi yadda ake shiga asusu. Amma ba sa daɗewa. Mutum ya ɗan zo, sai ka ga ya koma sayen shayinsa a leda yana wucewa.

Ni dai na san dalili. Wani bawan Allah manomi ya zauna da mu, daren farko aka ji daga inda ya fito, sai wani ya jefo masa, "To ku nawa kuka biya aka sako naku?" Ashe ƙaninsa na hannun mutanen daji har lokacin. Ya ƙarasa shayinsa ya yi mana sai da safe, shi ke nan. Wani kuma tun kafin a san sunansa aka laƙa masa Ɗan Gudun Hijira. Wani yaro ya zauna a ƙarshen benci, bai san wurin wani dattijo ba ne, aka tashe shi a gaban kowa ana dariya. Ga tambayar nan da ba ta ƙarewa, wai bayan wa kake sallah, Izala ko Ɗariƙa, kafin ma a tambayi mutum ya iyali.

To an ɗora mini nauyin karɓar baƙi. Shugabanmu ya ce in rubuta dokoki a buga a takarda, duk wanda zai shigo a miƙa masa. Ni kuwa raina bai kwanta ba, don da yawansu ba su yi boko ba, kuma a gaskiya ba baƙin ne ke karya dokar ba. Ku yaya kuke yi a naku wuraren?

Uwar Adashi:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Allah ya ba ka lada da ka damu.

Ni a Unguwar Dosa nake riƙe adashin mata, kuma abin da ya tsare mu shi ne ba mai shigowa haka kawai daga sama. Dole wata tsohuwar 'yar adashi ce za ta kawo ta, ta ce ni na tsaya mata. Mutane suna ɗauka saboda kuɗi ne kawai, kada ta kwashe ta gudu. E, akwai wannan, shi ya sa ma sabuwa ba ta kwasar farko. Amma babban amfanin wadda ta tsaya mata shi ne ta bi ta har gida kafin ranar zama ta faɗa mata abin da ba a faɗa a cikin taro: wance kada ki yi mata maganar haihuwa, wance aurenta bai daɗe da mutuwa ba, wance tana da zafi amma in kin gaishe ta da kyau shi ke nan. Sannan ta dawo wajenmu ta ja mana kunne, ta ce wadda zan kawo mijinta ya rasu a hanyar Birnin Gwari, kowa ta kama bakinta. Da kun yi haka, da wancan manomin bai ji abin da ya ji ba.

Takarda kuwa, ka bar ta don lissafin asusu. Nawa ake zubi, wa ke riƙe kuɗi, me ake ba mai jinya, wannan a rubuta a karanta wa mutum da baki. Amma ladabi a takarda? Wanda ka miƙa wa zai ga kamar tun bai zauna ba an fara zarginsa.

Kuma kada ku karɓi kuɗinsa a watan farko. Ya zauna ya ga irin mutanen da zai haɗa dukiya da su.

Tunda kun tambaya, bari in ƙara da namu ƙorafin. Ku masu zaman bakin layi, in mace ta zo wucewa sai hira ta tsaya cak, ido ya raka ta har kwana. Matar baƙon nan ita ma ta nan take bi zuwa chemist, kuma za ta faɗa wa mijinta. Kada ku yi mamaki in washegari bai zo ba.

Ɗan Sintirin Rigasa:

Hajiya ta yi magana mai kyau, amma ni zan ɗan saɓa. Malam Tela, ka yi hattara kada tausayi ya rufe maka ido. Mu da muke kwana a waje mun san abin da ake ciki. Tun bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022, ba wanda zai ce mana tambayar baƙo rashin kunya ce. Kowa ya san mutanen daji ba sa shiga gari sai da ɗan gari, kuma a majalisa ne ake jin wane ya sayar da fili, wane ɗansa ya turo kuɗi daga waje. Ku kuma har asusu gare ku, ana faɗin abin da ya taru a bainar jama'a.

Saboda haka a tambaya: daga ina, gidan wa ya sauka, me yake yi, mai unguwa ya san da shi? Inda na yarda da ku shi ne ba a kan benci ake wannan ba. Mutum biyu su same shi da rana, ko a tambayi mai gidan hayarsa. Mutumin kirki ba ya jin haushin haka, musamman wanda shi ma gudowa ya yi, ya fi kowa sanin dalili. Kuma ku daina ƙirga kuɗin asusu a gaban mai shayi, ko da baƙo ko babu.

Baban Masaƙa:

Yaro, Allah ya yi maka albarka. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Abin da ya ba ni dariya, kuma ya ba ni haushi, shi ne a ce wai a Kaduna ake kiran wani baƙo. Duk wanda ya faɗa, ka tambaye shi inda aka binne kakansa. Zai ce Kano, ko Katsina, ko Zariya, ko Bida, ko Ilori. Garin nan Turawa ne suka mai da shi hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun baro Zungeru, Gbagyi suka tarar a wurin. Sauranmu jirgin ƙasa ne ya kawo iyayenmu, ko aikin soja, ko aikin gwamnati, ko masaƙa. Tudun Nupawa da ke kusa da ku, ai sunan ma ya faɗi masu shi.

Ni daga ƙasar Katsina na zo ina saurayi, da akwatin ƙarfe ɗaya. Lokacin Kakuri na Kakuri. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 tana aiki dare da rana, ga UNTL, ga Arewa Textiles, in aka tashi aiki kekuna ba masaka tsinke a titi. Wanda ya karɓe ni ba Bahaushe ba ne, ba ma Musulmi ba ne, mutumin kudancin Kaduna ne da muke sashe ɗaya. Shi ya nuna mini inda ake sayar da tuwo mai arha, ya ce wannan fomanin kada ka yi masa musu da safe, ya kai ni majalisar Katsinawa ya ce ga ɗan'uwanku na kawo muku. A can aka ba ni tabarma, aka ba ni shayi, kuma ba wanda ya tambaye ni komai sai sunana da sunan garinmu. Sauran labari ni na riƙa ba da shi da kaina, kaɗan-kaɗan, da na ga an zama ɗaya. Haka ake yi. Labarin mutum nasa ne, shi zai buɗe in ya ga dama.

Sai ga rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, sai na 2002. Gari ya rabu, kogi ya zama iyaka. Mu muka kwashe muka yi arewa, abokina ya yi Sabon Tasha. A shekarun nan ne kuma masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na sauka a Kawo da mata da 'ya'ya, ba aiki, gemu ya fara fari, na sake zama baƙo. Ka je ka bincika, cikin masu kiran wani Ɗan Gudun Hijira a majalisarku, za ka samu wanda shi ma a bayan akori-kura aka kwaso kayansa daga Kakuri ko Nasarawa ko Unguwar Television a wancan lokacin. Ka tuna masa, amma a hankali, ba a gaban yara ba.

Ɗan sintiri, na ji maganarka, ban ƙi ba. Zamani ya canza. Amma ka sani infoma ba lallai sabon zuwa ba ne, sau da yawa wanda aka sani ne aka saki jiki da shi.

Ɗalibin Poli:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni daga ɓangaren baƙin zan yi magana, don karatu ne ya kawo ni daga Funtuwa.

Abin da ya fi wuya ba zagi ba ne. Ka yi sallama a amsa ba tare da an ɗago kai daga waya ba. A yi ta dariyar wani abu da ya faru tun kana firamare, kai kana zaune kana murmushin dole. Sai kuma wasan nan na "sabon shiga shi zai saya wa kowa indomi da ƙwai". Su wasa suke yi, kai kuwa kana lissafin kuɗin motar gobe, ga kunya ta hana ka cewa babu.

Majalisar da na zauna daga ƙarshe, ba wani abin kirki suka yi ba. Na yi zazzaɓi ban fito ba, sai ga wani magidanci ya yi sallama a ƙofar ɗakina, wai an ga ba a gan ni ba. Ban ma san ya san ɗakin ba.

Amma mu samari ma muna da namu. Wani zai zo da abu a kunne, ya miƙa wa sa'an babansa hannu a tsaye, ya tsoma baki a gardamar da bai san farkonta ba. Mafi muni shi ne ɗaukar bidiyon dattijo yana zuba a ɗora a status. Wannan kam ko takarda ce a rubuta, Yaya Tela, ban ga laifi ba.

Malamin Islamiyya:

A taƙaice. Aya ta 11 a Suratul Mujadala umarni ce ga waɗanda ke zaune: in an ce ku buɗa a majalisa, ku buɗa, Allah zai buɗa muku. Manzon Allah (SAW) ya hana a tayar da mutum daga wurinsa don wani ya zauna, ya hana mutum biyu su yi raɗa su bar na uku. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Masu zaman bakin hanya kuma an ce su ba ta haƙƙinta, daga ciki akwai runtse ido da amsa sallama, wato abin da Hajiya ta faɗa. Shi yaro ya tashi wa dattijo don kansa, wannan tarbiyya ce mai kyau, amma a raɗa masa, ba a kore shi ba.

Gardamar Izala da Ɗariƙa kuwa, ku bar wa masu littafi. Ban taɓa ganin wanda ya canza aƙida a teburin mai shayi ba.

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗauki shawarar Hajiya ta mai tsaya wa mutum, da barin karɓar kuɗi a watan farko. Ƙirgan asusu za mu mayar da shi zauren ma'aji. Takarda za a yi, amma ta lissafi ce, sai layi ɗaya a ƙasa na hana ɗaukar hoto da bidiyo. Manomin nan kuma na gano gidan da yake haya, gobe in sha Allahu zan je da mutum ɗaya mu yi masa jaje, ba tare da maganar majalisa ba.

Saura abu ɗaya, Baba. Dattijon da ke raɗa wa mutane suna, kuma mai wurin zaman nan na ƙarshen benci, ubangidana ne. Shi ya koya mini taka keke, shi ya karɓa mini aure. Bakina ba zai iya ba. Kuma ka canka daidai, daga Kakuri ya dawo.

Baban Masaƙa:

To ai ba kai za ka faɗa masa ba. In daga Kakuri ya dawo, da wuya a ce ban san shi ba, ko ban san wanda ya san shi ba. Ka tambaye shi wace masaƙa ya yi aiki ko a wane layi ya zauna, ka faɗa wa jikana. Ranar Juma'a bayan na sauko daga masallacin Sultan Bello zan sa a kawo ni Tudun Wada. Ka ce wa mai shayinku ban shan siga.