Kama wurin kafa tanti a gandun dajin Amurka: kowa ya faɗi yadda ya yi

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Bara na yi wa yara alkawarin kwana uku a daji idan an yi hutun makaranta. A Recreation.gov, shafin intanet na gwamnatin tarayya da ake kama wurin kafa tanti, yawancin wurare wata 6 kafin ranar ake buɗe su, ƙarfe 10 na safe agogon gabashin ƙasar. Tun da saura kwata nake zaune gaban kwamfuta, amma kafin in gama shigar da lambar kati an kwashe. Daga baya Allah ya sa wani ya soke nasa, muka samu. Abin da ya ci mini rai shi ne, filaye huɗu kusa da mu duk an manna musu takardar an kama, amma har muka naɗe tanti ba wanda ya leƙo. Ga iyalai da ƙananan yara ana mayar da su daga bakin ƙofa.

Uwar 'yan biyu:
Wa alaikumus salam, Malam. Dabara ce suke yi. Da ranar farko ake lissafin wata shidan, sai mai son Asabar ya kama kwana 14 da za su ƙare a kanta, ya riga kowa, daga baya ya soke kwanakin farko, ko ma ya bar su haka. Wallahi haƙƙin mutane ne. Mu nan California tun 2024 doka ta ce a gandun daji na gwamnatin jiha, wanda bai zo ba kuma bai soke ba, kuɗinsa duka sun tafi. Yosemite kuma, gandun dajin gwamnatin tarayya da ke nan California, tsarinta daban, ranar 15 ga wata ake buɗewa, ƙarfe 7 na safe agogonmu.

Tsohon direban tirela:
Ni na haƙura da wannan rububin, 'ya'yana. Tunda na ajiye aiki nake kwana a filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, inda ba ruwa, ba wuta, ba banɗaki, kuma galibi ba a biyan ko sisi. Kwana 14 ne cikin 28, sannan ka matsa aƙalla mil 25. Da hunturu nakan gangara Quartzsite a Arizona, in sayi takardar dogon zama, wadda ke aiki daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Wata huɗu na yi a can cikin motata mai ɗaki. Ban taɓa jin daɗin sallar asuba irin ta hamadar nan ba, shiru kamar bayan gari a Damagaram.

Ɗan Zazzau:
Baba, yaya kake yi da ruwan alwala da girki?

Tsohon direban tirela:
Jarka shida nake cikawa, ta kai ni mako guda idan na yi tattali. Amma kai da yara, kada ka fara da hamada. Ka nemi zangon da ba a kamawa ta intanet, wanda ya riga zuwa shi ke samu, ka isa ranar Talata da hantsi lokacin da mutane ke tashi.