Zomona yana gwaguyar komai a ɗaka

Tambaya daga Garwa: Assalamu alaikum. Ina da zomo guda a gida, kuma kwanan nan ya addabe ni da gwaguyar tabarma da ƙafar kujera, har ya cinye wayar cajin salula. Shin yunwa ce, ko akwai wata cuta?

Amsa daga Marwa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba cuta ba ce. Haƙoran zomo ba sa daina girma muddin yana raye, na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako, saboda haka dole ya sami abin da zai riƙa goge su. Ki wadata shi da busasshiyar ciyawa dare da rana, ki ƙara masa harawar gyaɗa kaɗan da guntun icen da ba a shafa wa fenti ba. Dusa ita kaɗai ba ta goge haƙori.

Amsa daga Njamena: Malam ya faɗi gaskiya, amma kaɗaici ma yana ciki. Ki riƙa sakinsa a tsakar gida da asuba da kuma bayan la'asar, lokacin da ya fi kuzari, ki ajiye masa kwali cike da yashi domin ya yi tono. Wayoyin lantarki kuwa ki zura su cikin bututun roba, domin suna iya kashe shi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nemo harawa gobe a kasuwa.