Neman shawara: yaya za mu riƙe abincinmu a ƙauye har tsakiyar damina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A ƙauyenmu ana noma sosai, amma da kaka 'yan kasuwa kan kwashe hatsin da araha, tsakiyar damina kuma mu koma saye da tsada, wasu har da cin bashi. Yara ne ke fara jin jiki, abin yana ci mini rai. Ƙungiyarmu ta manoma na son kafa rumbun haɗin gwiwa. Ta ina za mu fara?

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Ku fara da shanya kafin maganar gini. Masarar da danshinta ya haura kashi 13 cikin 100 takan yi funfuna a ajiya, daga nan ake samun gubar aflatoksin mai lalata hanta. Gwajin ba wuya: ku zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ku rufe, ku girgiza sosai, ku ɗan jira. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Sai ku nemi buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki, buhu a waje. In an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba sai an sa magani ba. A jera kan katako, nesa da bango, saboda danshi da ɓera.

Wata uwa: Malam ya yi gaskiya, amma ɗana, ba ƙwari kaɗai ke sa mutum sayarwa ba. Bashi ne da kuɗin magani. Ku haɗa asusun rance, mai buƙata ya karɓi kuɗi, hatsinsa ya zauna jingina har farashi ya tashi. Kuma ku sa mata a kwamiti, mu muka san lokacin da abinci ke ƙarewa a gida.

Wani dattijo: Ni amana ce damuwata. Na ga irin wannan rumbu ya watse don mutum ɗaya ke riƙe da makulli. Ku sa kwaɗo biyu, makullan a hannun mutane daban, ma'auni ɗaya ga kowa, a rubuta komai a gaban jama'a.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Mama. Malam, irin shuka fa?

Malamin gona: Ku ware shi daban, kada ya shiga lissafin na ci. Irin da aka yi wa aure kuwa, in ka sake shuka 'ya'yansa amfanin raguwa yake yi, don haka ku tambayi mai sayarwa wane iri ne kafin ku ajiye.