Abin da aka tattauna kan mayar da kwamfutar gida sabar imel

Jama'a, magana ta yi tsawo, ga abin da na tsinta:

1. An yarda a fara daga rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. A ba kwamfutar adireshin cikin gida da ba ya canzawa, sannan a tura mata ƙofofi (port, wato lambobin hanyar da saƙo ke bi): ta 25 don karɓar saƙo, 587 don aikawa, 993 don karantawa.

2. A nan aka fi daɗewa. Masu intanet na layin waya galibi ba su da adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) nasu na kansu, kamfani ke haɗa mutane da yawa a kan guda, abin da ake kira CGNAT. Leƙa shafin rawutarka: in adireshin waje ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ka buɗe ƙofofi duka saƙo ba zai shigo ba. Wasu kamfanonin ma toshe ƙofa ta 25 suke yi.

3. Wajen manhaja, Postfix (mai karɓa da aika saƙo) da Dovecot (mai ba da damar karanta shi) a kan Linux aka fi ambata.

4. Sai an saita bayanan sunan yankinka (domain): MX mai nuna sabar da ke karɓar saƙonka, da SPF, DKIM da DMARC masu tabbatar da cewa saƙo daga gare ka ya fito, in ba haka ba Gmail zai iya watsar da saƙonka. Kada kuma a bar sabar a buɗe kowa ya aika ta cikinta.

5. Ra'ayi ya rabu kan aikawa. Wasu sun ce a karɓa a gida, a aika ta wata sabar waje, tunda adireshin gida ba ya samun PTR mai kyau, wato bayanin da ke haɗa adireshin IP da sunan saba. Wasu sun ce a yi hayar saba gaba ɗaya saboda ɗauke wuta. Ni dai ina tare da na farko, in akwai batir ko sola.