Motocin wasa na ƙarfe da na samu a adakar Baba, in sake musu fenti?

Ɗan Jahun:
Salamu alaikum jama'a. Jiya muna gyara ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da 'yan ƙananan motoci guda biyar naɗe a tsumma can ƙasan adaka, na ƙarfe ne masu nauyi ba irin na robar nan da ake sayar wa yara a kasuwar Wunti ba. Huɗu an rubuta Matchbox da Lesney a ƙasansu, ɗayar kuma Corgi. Fentin duk ya kankare shi ne nake tunanin in kai wa mai fentin mota ya fesa musu sabo, ya kuka gani?

Mai Tara Motoci:
Wa alaikumussalam, Allah ya gafarta wa Baba. Malam don Allah kar ka soma! Kana fesa fenti ka kashe darajarsu, masu tara irin kayan nan fentin asali suke nema ko da ya ƙoƙe. Lesney kamfanin Landan ne, ya fara yin Matchbox a 1953 ya karye a 1982, ka ga duk wadda ke ɗauke da sunansa ta haura shekara 40. Duba tayoyin ma, in ka ga Superfast, wato samfurin Matchbox mai tayoyi masu gudu, to daga 1969 zuwa sama ce, lokacin da motar wasa ta Hot Wheels ta fito a Amurka a 1968 da tayoyi masu gudu sai su ma dole suka canza. Corgi kuwa a garin Swansea na Birtaniya aka fara yinta a 1956, abin da ta yi suna da shi tagogi masu kamar gilas, lokacin na kishiyarta Dinky rami ne kawai.

Na Bolari:
Ni a Gombe nake, wajen masu buhun kayan wasa na gwanjo nake tsintar nawa, yawanci dai na Chaina da Tailan ne, ta Ingila sai an dace. Shawarata kar ka wanke da omo kar ka goga soson ƙarfe, tsohon buroshin haƙori mai laushi ya isa sai tsumma. Kuma ka raba su da danshi in damina ta zo, sandar tayar tana tsatsa, na yi asarar guda biyu haka har yau abin na cina.

Hajiyar Yalwa:
Ɗana ka tuna min da. Mu ƙannenmu motar kara da ta gwangwani suke ja, mai ta ƙarfe sai wanda aka yi wa tsaraba. Tunda mahaifinka ya naɗe su ya ɓoye ai yana ji da su ne, ka tambayi gwaggonninka ƙila sun san wanda ya kawo mishi.

Ɗan Jahun:
Na gode ƙwarai. Na duba, biyu Superfast ne biyu ba a rubuta ba. Fenti kam na fasa. Hajiya in sha Allahu ranar Juma'a zan je gidan Gwaggo da su.