Musayar Waƙa: Kowace Sana'a da Gangarta

Dattijon Zaure:
Assalamu alaikum. Jiya na je bikin ɗan maƙwabcina, tun hantsi har la'asar ban ga makaɗi ko ɗaya ba, sai lasifika. Abin ya tsaya mini a rai. Ga baitocina, amsa-amo "wa" ne, mai iyawa ya ɗora.

Na je biki can unguwarmu,
Na zauna cikin 'yan'uwanmu,
Ba gangar da ta kira sunanmu,
Sai akwati ke ta yin tsawa.

Da, gangar noma ta manoma ce,
Dundufa kuwa ta maƙera ce,
Garaya ta 'yan farauta ce,
Tambari sai fada ake bugawa.

Ku faɗa mini, 'ya'ya, ina naku?
Wa ya san taken gidanku?
Ko kun bar shi gun kakanninku,
Ya bi su ƙasa ba dawowa?

Ɗan Mahauta:
Wa alaikumus salam, Baba. Ka lissafa kowa ka tsallake mu.

Baba, kalangu namu ne,
Na mahauta tun asali ne,
Kangon icce, bakinsa biyu ne,
Fata da tsarkiya ke ɗaurewa.

Ka sa shi hammata ka matsa,
Murya ta hau kamar ta ratsa,
In ka sassauta sai ta nutsa,
Haka yake magana da Hausawa.

Ran kasuwa in an yi yanka,
Makaɗi ya zo bakin rumfarka,
Ya buga maka taken kakanka,
Tsoka ce ladan bugawa.

A garinmu har yau ana yi, sai dai makaɗin ya tsufa, 'ya'yansa kuma duk sun kama acaɓa. Kuma kar a manta, da kalangun nan Mamman Shata ya ci zamaninsa har Allah ya karɓi abinsa a 1999.

Bagobiri:
Mahauci, kalangu na bin kasuwa, kotso kuwa bafade ne.

Kotso baki ɗaya gare shi,
Da yatsu ake taɓa shi,
Narambaɗa ya riƙe shi,
Fadar Isa, gun Gobirawa.

Ɗalibi:
Baba, ni ban ga abin tsoro,
Wayata na ɗauke da Ɗanƙwairo,
Ko ni kaɗai ko cikin taro,
Taɓawa ɗaya ya hau rerawa.

Kuntigin Ɗan Maraya ma yana ciki. Tun 2015 ya rasu, amma ko ɗazu na saurare shi. Ai ba a yi asara ba.

Dattijon Zaure:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka faɗi rabi, ga sauran.

Waya ta adana mana murya,
Wannan batu naka ba ƙarya,
Amma in ka taho bisa hanya,
Ba ta ganinka ta sauya bugawa.

Makaɗi ya hango ka daga nesa,
Ya saki kiɗan da yake kansa,
Ya kamo taken gidanku ya sa,
Ƙwalla ta zo, ba ta tsayawa.

Rabon da in ji taken mahaifina tun ranar da muka kai makaɗinmu makwancinsa. Ba wanda ya naɗi taken nan, ni ma ban yi ba, kuma yana damuna.

Goggon Yara:
Sannu Malam, Allah ya jiƙan magabata. Amma tun ɗazu kiɗan maza kuke ta jerawa, kamar cikin gida kurame ke zaune.

Mun kifa ƙwarya bisa ruwa,
Mun buga shantu a cinya da rawa,
Barmani Coge ta Funtuwa,
Da amada ta tara Hausawa.

Turmi ma ganga ne gare mu,
Lugude ke haɗa taɓarenmu,
Dutsen niƙa ya san kukanmu,
Shi muke wa waƙa da asubawa.

In an ci tuwo an share daɓe,
Farin wata ya fito ya leƙe,
Jikoki su zo su kewaye,
Gizo da Ƙoƙi ke fitowa.

Barmani ta tafi a 2013, ƙwarya kuwa tana nan a ɗakina. Tatsuniya ma ban ajiye ta ba, jikokina bakwai sun san ba a yin ta da rana, sun san inda ake cewa ƙurunƙus. Yanzu an yi isha'i, ku matso har kai Ɗalibi. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ɗalibi:
Ta zo mu ji ta, Goggo.

Dattijon Zaure:
Ta zo mu ji ta.